Sawun Ɓarawon Gizago

Tun ranar da aka malale ɗakin aikina da siminti na daina sanin abin da ake ciki a gidana. Yarana ne suka matsa min, wai rairayi a cikin ɗaki ƙauyanci ne, wai yana shiga musu waya. Na biye musu, birkila ya zo ya shafe ƙasan sumul kamar goshin jariri, ga shi yanzu ko raƙumi ne ya durƙusa ya shigo ya kwashe min kaya ya fita, ba zan ga sawunsa ba. Filayata ta yi ƙafa. Sukudireba ta bi bayanta, ƙila nemo ta ta tafi. Duk wanda na tambaya sai ya watsa hannu ya ce, "Wallahi Abba ban gani ba," idonsa na kan waya. Ina zargin babban ɗana, mai kwance babur kullum kamar wani abu ya ɓace masa a ciki. Ina zargin maƙwabcina na yamma, don gaisuwarsa ta yi yawa kwanan nan. Har wata akuya tamu ban yarda da ita ba, don tana tuƙa tana kallona kamar ta san wani abu. Matata ta ce halin Baba ne ya taso min da girma. Ban musa ba. Sai dai Baba, Allah ya jiƙansa, yana da abin da ni na rasa yanzu. Yana da rairayi.

Baba masassaƙi ne a nan Gumel, ɗakin aikinsa kuwa wata shigifa ce a cikin gida, da ka wuce zaure hannun dama. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, kujerar mata, allunan da malamai ke aikowa a sassaƙa musu da icen aduwa, duk daga wannan ɗaki suke fita. Da ƙarar gizagonsa muka tashi a kunne, ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun hantsi har rana ta karkata, a tsakani kuma sai ka ji kukan ƙarfe a kan dutsen washi. Daga saran gizagon Inna ke gane ko ranar za a iya tambayarsa wani abu ko kuwa a bari sai gobe. Ɗakin yana ƙanshin ɗanyen ice da baƙin mai, ƙanshin da har yau in na wuce garejin masu gyaran mota sai na ji kamar za a kira ni in kawo tsintsiya. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah ya zuba masa zargi. In ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihu. In ba ka gaishe shi ba ya ce akwai abin da kake ɓoyewa. Na taɓa ganinsa tsaye a tsakar gida yana hararar hadari, wai ya ga take-takensa, wannan ba ruwa ya kawo ba, rufin shigifarsa ya zo ɗauka.

Wannan zargi shi ya sa ɗakin nan ya fi ɗakin amarya tsari. Kowane ƙarfe yana da turkensa a bango, can sama inda hannun yaro ba ya kai wa, bakin kaifin yana kallon bango. Baba ya bi kowanne ya zagaye shi da farar ƙasa, ya zana siffarsa, ta yadda in aka cire zarto za ka ga hoton zarto fari tas yana jiran mai shi ya dawo. Wuƙaƙen sassaƙa kowace da kubenta na fata. A lungu akwai tsohon bokiti cike da yashi da ya kwaɓa da baƙin mai, in ya gama aiki sai ya caccaka ƙarafan a ciki, su fito ba datti ba tsatsa, sannan ya bi su da tsumma. Ba ya barin ƙarfe ya dakushe. Yakan ce dakusasshe ne ke sa ka ƙara ƙarfi, in ka ƙara ƙarfi ya zame, in ya zame kuma ƙwaurinka ne mafi kusa. Ba a sara ana nufo jiki, ba a sa ƙafa a hanyar gizago, ba a miƙa wa mutum ƙarfe ta baki sai ta ƙota. Ba a shiga da babbar riga, sai 'yar shara, domin hannun riga mai yawo shi ke janyo abin da ke rataye ya faɗo maka a ka. Ba a shiga da wuta ko da garwashin turare ne. Kuma ba a shiga ba takalmi. Shi kansa yana da wani dogon takalmin but na roba da ya keɓe wa aikin, rataye daga ciki, wanda ko Sarkin Aljanu bai isa ya zura ƙafa a ciki ba. Kullum sai ya kife shi ya bubbuga saboda kunama kafin ya sa, takalminsa na yawo kuma ya bar shi a bakin ƙofa. Yau kuwa na ga yaro yana yanka ƙarfe da inji mai feshin wuta, ƙafa ba takalmi, kusa da jarkar fetur, yana amsa waya da kafaɗa. In na yi magana a ce Abba ya cika tsoro.

Da la'asar sakaliya ake rufe ɗakin, kuma rufewar ma aiki ce guda. Za mu kwashe sassaƙe kaf mu kai wa Inna madafa, don Baba ba ya barin tarin ɓawon ice ya kwana, wai masaukin kunama ne kuma abincin gobara. Sai ya ɗauko mayen ƙarfen da ya ciro daga cikin wata matacciyar rediyo, ya ɗaura masa igiya, ya riƙa jan sa cikin rairayi kamar mai kiwon kunkuru, duk wata ƙusa da ta ɓuya ta maƙale a jikinsa. Daga nan ya ɗauki wani faffaɗan katako ya riƙa shafe rairayin yana ja da baya, yana ja da baya, har ya fito ƙofa, ya bar ƙasan lumui ba ko ɗigo. Ƙofar ba ta da kwaɗo, asabari ne kawai. Yakan ce kwaɗo ana karya shi, amma ba wanda ya iya tafiya a sama. Da safe kafin ya taka sai ya tsuguna a bakin ƙofa ya karanta ƙasa. Ya san sawun kowa a unguwar. Ya san na ƙadangare, ya san na ɓera, har yakan ce wannan ɓeran ba na gidanmu ba ne, baƙo ne daga gidan liman.

Mutum ɗaya ne Baba bai taɓa zarga ba, amininsa Mai Kanwa. Kanwa yake sarowa daga Maigatari yana kasawa a rumfarsa da ke bakin masallacin unguwa, mu kuma Baffa muke ce masa. Tare aka yi musu kaciya, tare suke cin tuwon dare a kwano ɗaya a ƙofar gidanmu, suna musu a kan abin da bai shafe su ba. Ko takalmi tare suka yanko, ranar wata kasuwar Maigatari, wajen baduku ɗaya, irin wanda ake yi da tsohuwar taya. Ta sama ba ka bambance su, maɗauri ɗaya, girma ɗaya. Ta ƙasa ne suka rabu. Na Baba tayar ƙaramar mota ce mai layi-layi a miƙe, na Baffa kuwa tayar kamiyo ce, kamar yadda mutanen tsallaken iyaka ke kiran babbar mota, mai zane kamar haƙoran kada. Ni kuma a lokacin na zama saurayi, gemu ya fara tsiro, na iya fafe turmi ni kaɗai, kuma zuciyata ta tafi gidan Baffa ta ƙi dawowa. 'Yarsa ta biyu ce. In ta yi dariya sai in manta sunan unguwarmu. Magana ta yi nisa, har an tsayar cewa ranar Juma'a bayan an sauko, ƙannen Baba za su je da goro a nema min aurenta.

Ana cikin bazara, zafin da ke sa ice ya bushe ya tsuke, ƙota ta saki ƙarfenta. Ranar Asabar kafin Juma'ar nan Baffa ya leƙo shigifa ya ce, "Mai Gizago, ara min abin naka in gyara ƙafar rumfata." Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Ka san ba na ba da aron kaifi. Kawo ƙafar rumfar in gyara maka." Baffa ya ce, "To in ciro rumfar in ɗoro ta a ka? Kai dai da rowa aka binne cibiyarka." Suka yi dariya, ya tafi. Washegari Baba yana cikin saran wani gungumen ƙirya sai ƙarfen babban gizagonsa, wanda ya gada wajen mahaifinsa, ya fice daga ƙota ya yi tashin tsuntsu. Ta ƙofa ya fita, ya wuce autarmu da ke zaune tana wasan ƙasa, kusa ƙwarai har sai da gashinta ya motsa, ya je ya raba ƙwaryar Inna biyu. Inna ta fito da muciya a hannu, ta dubi yarinyar, ta dubi ƙwarya. "Malam, a jiƙa ƙotar nan ta kumbura, ko a sake mata wata, kafin ta raba mana kan mutum." Baba, mai dokoki fiye da alƙali, ya mayar da ƙarfen, ya buga a dutse, ya ce, "Ke da gizago? Ki ji da muciyarki. In na gama turmin nan zan duba." Ranar nan ya karya dokarsa da kansa, don ya sha gaya mana cewa ƙarfen da ke rawa a ƙota ba a ƙara sara ɗaya da shi.

Da asubar gari Inna ta yi shirin tafiya Ɗanzomo, ƙanwarta ta haihu, sai an yi suna za ta dawo. Baba ya dawo daga masallaci, ya tuɓe takalmi a bakin shigifa yadda ya saba, ya shige ɗakinsa ya zauna wuridi. In yana wuridi ko ka ce masa gari ya kama da wuta "uhm" zai ce. Na ji Inna tana yi masa sallama daga bakin ƙofa, tana ta jero magana, yana ta "uhm, uhm," na ɗaukar mata ƙunshinta na raka ta tasha. Ko da na dawo na tarar da Baba tsugune a ƙofar shigifa, ya ɗage asabari, ba ya motsi. A bango ga hoton gizago fari fat, ba gizago. A ƙasa kuma ga sawu ya shiga, ya tsaya gindin bango, ya juyo ya fita. Haƙoran kada.

"Zo ka gani," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na wane ne wannan?"

Na ce, "Baba, ai masu takalmin taya suna da yawa a gari."

"Ban tambaye ka yawansu ba. Dubi dunduniyar hagu, inda baduku ya gutsure. Ina tsaye aka yanka shi. Kuma dubi takun, gajere-gajere, yana jan ƙafa. Wannan sanɗa ce. Mai gaskiya ba ya irin wannan tafiya." Sannan ya ce, "Na hana shi aro, shi ne ya zo ya ara wa kansa."

Na ce ƙila wasa ne irin nasu, zai dawo da shi. Baba ya ce to, za mu gani. Ya hana a taɓa sawun, ya kife masa kwando kamar kaza mai kwanci. Da daddare bai fitar da tuwo ƙofar gida ba. Sallah kuma ya koma yin ta a wani masallaci can bayan kasuwa, don kada su haɗa sahu. Ga wanda bai san zamanin ba zai ce me ya hana a tambayi Inna ko ta ga wani. Da me? Yau da yaro zai latsa waya, kafin a ɗaura ɗankwali magana ta mutu. A lokacin kuwa wanda ya tafi Ɗanzomo ya tafi ke nan, sai ka gan shi.

Abu ya ƙi ƙarewa, don Baba ya shiga sintiri. Da sassafe ya zagaya bayan gida, da hantsi ya sake zagayawa, sai ya dawo yana huci. "Ya zo! Ga sawunsa nan a bayan katanga, sabo fil!" Da azahar ya gano shi a bakin turken awaki. Da la'asar ya gano shi a hanyar makewayi. Duk inda Baba ya duba da safe bai ga komai ba, in ya koma sai ya tarar Baffa ya riga ya bi ta wajen. "Mutumin nan ba ya zama a rumfarsa ne? Me yake nema a makewayina?" Kan haka awakinmu suka daina shan ƙasarin da ake zuba musu a wata tsohuwar randa, su sunsuna su kau da kai. Baba ya leƙa, ya ga wani maiƙo yana yawo a saman ruwan, ya ja da baya yana karanto addu'a. "An fara zuba mana abu. Kada wanda ya taɓa randar nan." Ya tara ƙannensa a zaure ya ce maganar Juma'a a dakata. Ina laɓe ina ji. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Yaya, a kan gizago?" Baba ya ce, "A kan amana. Ba zan haɗa jini da mai shigar min ɗaki da sanɗa ba."

Da yammacin Laraba na saci jiki na je zance. 'Yar Baffa ta fito da tabarma, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Wai lafiya Babanku? Baffa ya ce ya daina ganinsa a sahu, ko tuwo ya daina fitowa da shi."

Na ce, "Aiki ne ya yi masa yawa."

"Aiki? Mu da muke jiyo gizagonsa har gidanmu, kwana biyu shiru kamar an yi rasuwa." Ta kalle ni ta gefen mayafi. "In kun fasa ne ku faɗa, kada a sa Innarmu ta yi ta dakan fura a banza."

Na rantse mata da duk abin da na sani, har da waɗanda ban sani ba. Amma yaya zan ce mata ubana yana cewa ubanki ɓarawo ne? Ina zaune ina satar kallon takalman da ke bakin zaurensu, ni ma zargin ya fara shigata, ina cewa a raina ko dai, ko dai. Ciwon Baba ana ɗauka.

Ranar Alhamis bayan la'asar Baba ya sa babbar riga, ya ɗora hula, ya ce in biyo shi in zama shaida. Zai je rumfar Mai Kanwa, gaban dattawan da ke zama a wurin, ya tambaye shi gizagonsa da abin da yake nema a bayan gidansa. Na san in kalmar nan ta fita gaban mutane ba mai mayar da ita. Amincinsu ya mutu, aurena ya bi shi kabari. Na roƙe shi a zaure, na roƙe shi a ƙofar gida, ya ce in rufe masa baki. Muka kama hanya. A tarbiyyarmu ɗa ba ya jerawa da ubansa, baya yake bi, kansa a ƙasa. To kaina yana ƙasa, ina tunanin ko in gudu Damagaram in zama ɗan dako, sai na ga haƙoran kada a kan rairayin lungu. Sabo. Na ga wani a gabansa, na ga wani. Na ɗaga ido kaɗan, sai na ga inda suke fitowa. Duk takun da Baba ya ɗaga, sai ya bar kada a bayansa.

Na ce, "Baba."

"Na ce ka yi min shiru."

"Baba, ɓarawon yana biye da kai."

Ya juyo a fusace. Na nuna ƙasa. Ya bi sawun da ido tun daga bakin lungu, taku bayan taku, har ya zo ya ƙare a dunduniyarsa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dafa katanga, ya ɗaga ƙafar hagu kamar zakara, ya leƙa ƙasan takalmin. Ga gutsuren baduku nan yana kallonsa. Mutumin da ya san sawun ɓeran gidan liman, kwana da kwanaki yana farautar kansa. Ba laifinsa ba ne ƙwarai, tafin ƙafar Baba ya fi tayar kauri, ko a kan ƙaya ya taka sai dai ƙayar ta yi kuka.

Kafin ya sauke ƙafar an hango mu daga rumfa. Baffa ya ɗaga murya, "A'a! Jama'a ku ga Mai Gizago yana rawa da ƙafa ɗaya! Ƙaraso mana. Ni na ɗauka kunyar surukuta ka fara tun yanzu, shi ya sa ka ɓuya." Muka ƙarasa. Baffa ya tuɓe takalmin ƙafarsa ya tura gaban Baba. "Ungo naka, ba ni nawa. Tun asubar ran nan ka fito masallaci ka zura nawa ka yi gaba. Na ce bari in yi shiru in ga yaushe sarkin bin sawu zai gane. Naka duk ya cinye min ɗan yatsa." Dattawa suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "To ina zuwa haka da babbar riga?" Baba ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "Takalmin na kawo masa." Ban taɓa jin ƙaryar da na so kamar wannan ba.

Na bi bayan Baba muka koma gida har zaure. Nan ya tsaya ya ce, "To in takalmin yana ƙofar shigifa tun asuba, wa ya sa shi ya shiga?" Ya dube ni sama da ƙasa. Na ce ni ina tasha. Ya dubi hannuwansa, ya ce a hankali, "Ko ni ne?" Wallahi da Inna ba ta dawo a motar yamma ba, da Baba ya kai kansa ƙara wajen mai unguwa.

Ta shigo da ƙunshinta da tsarabar ƙuli-ƙuli, ta tarar da kwando kife a shigifa, awaki suna kukan ƙishi, mu kuma zaune kamar masu zaman makoki. Ta ji zancen kaf. Ta naɗe hannun riga, ta nufi randar awaki, ta zura hannu har kafaɗa, ta ɗage wani dutse, ta zaro gizago yana ɗigar ƙasari.

"Ba na gaya maka ba, Malam? Na tsaya a ƙofarka na ce na jiƙa ƙotar a randar awaki, ka cire da hantsi kada ya yi tsatsa. Ka ce uhm."

"Ke kika shigar min ɗaki?"

"Ni ce. Ka ce ba a shiga ba takalmi, but ɗinka kuma ka ce ko aljani bai isa ba. Na zura wanda na gani a ƙofa, yana ta faɗuwa daga ƙafata ina ja. Da in tafi in bar ƙarfen nan yana shawagi a kan 'ya'yana, gara ka yi fushi."

Baba ya karɓi gizagon. Ƙotar ta kumbura ta riƙe ƙarfen gam, amma bakin ya yi ja da tsatsa. Ya ce, "Dare ɗaya ake jiƙawa, ba kwana da kwanaki ba. Kuma jiƙo ba gyara ba ne, in ya bushe zai sake saki." Inna ta ce, "To ka gyara." Washegari da safe, kafin ya taɓa turmin, ya zauna ya sassaƙa sabuwar ƙota, ya goge tsatsar da yashi da mai, ya wasa bakin har yana aske gashin hannu. Bayan Juma'a ƙannensa suka tafi da goro.

Da a nan maganar ta tsaya da an ji daɗi, amma Inna ta ba matar Baffa labari a wajen daka, don ita abin dariya ta ɗauke shi. Bayan kwana biyu sai ga Baffa a ƙofar shigifa. Bai yi kirarin da ya saba ba, bai ce Mai Gizago ba. Ya yi sallama kamar baƙo, ya tsaya daga waje.

"Ashe ran nan ba takalmi ka kawo min ba."

Baba ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Tun muna yara hannuna da naka a kwano ɗaya. Ƙasa ta gaya maka magana, ka yarda da ita, ba ka zo ka tambaye ni ba. Yaran nan ba ruwansu, na ba da 'yata, na bayar. Amma ni da kai, ban sani ba."

Baba ya dube shi. Ba mutum ne mai iya ba da haƙuri da baki ba, harshensa bai san hanyar ba. Sai ya miƙe, ya ciro gizagon daga turkensa, ya juya shi, ya miƙa wa Baffa ta ƙota. "Ƙafar rumfarka," in ji shi. "Ka riƙe har sanda ka gama." Baffa ya dubi gizagon, ya dubi farin hoton da ya bari a bango, ya san abin da aka ba shi. Ya karɓa ya tafi. Ranar Baba bai shafe rairayi ba, ya bar ɗakin haka, ya zauna a ƙofar gida da kwanon tuwo a rufe, yana kallon lungu. Tuwon ya fara hucewa sai ga Baffa, gizago a kafaɗa, an shafe shi da mai yana ƙyalli, ko sara ɗaya bai yi da shi ba. Ya zauna, ya wanke hannu, ya buɗe kwanon, ya ce, "Gizagon naka ma bai da kaifi. Kuma miyar nan ba kanwa." Baba ya ce, "Mai kanwar unguwar ne ɓarawo." Suka yi dariya har Baffa ya ƙware. Ƙafar rumfar nan kuwa har suka bar duniya a karkace take.

Gizagon yana wajena yanzu, a turkensa, cikin zanensa na farar ƙasa, can sama inda jikoki ba sa kai wa. Mayen ƙarfen ma yana nan, sai dai a kan siminti ba ya da aikin yi, tsintsiya ta ishe ni. Ɗazu ina cikin rubutun nan na sake tashi neman filayata. Na riga na sa hula, na yi niyyar in leƙa wajen maƙwabcina na yamma in yi masa wata tambaya mai kama da gaisuwa. Matata, 'yar Mai Kanwa, wadda yanzu furfura ta fara yi mata ado, tana zaune tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, kafin ka fita, ɗaga ƙafarka ka duba."

Na ce, "Ai siminti ne, Hajiya, ba sawu."

"To shafa aljihun rigar da ka je gona da ita."

Na cire hular na rataye. Filayar tana ciki, ita da sukudireba, sun rungume juna. Akuyar dai har yanzu ban wanke ta ba.